Kada Ku Bar Wa Fasto Karatun Shi Kaɗai

Ɗana, kai da ke zama a bencin baya a majami'arku ta Kanya, da ke 'yata ta zumuntar mata, ku ba ni aron kunnuwanku. Mun daɗe da wata ɗabi'a a ƙasar Zuru. Sai mu tara baiko, mu tura yaro guda makarantar Baibul ta Tungan Magajiya, ko kwalejin tauhidi ta UMCA a Ilorin, ko TCNN a Bukuru. In ya dawo da takarda, sai mu naɗe hannu, wai ilimin Allah ya shigo gari. Tura shi daidai ne, kada a fasa. Naɗe hannun ne ke ci mini rai.

Fasto baƙo ne, yau yana nan, gobe an yi masa canjin wuri. Kun kuma ga yadda 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba a shekarun nan, iyalai suka gudu Ribah da Zuru da kayan jikinsu kawai. Wanda ya kwana a gudun hijira ba fasto kusa, abin da ya riga ya zauna a zuciyarsa shi zai ba 'ya'yansa. In babu komai a ciki, duk mai sayar da man shafawa da ruwan mu'ujiza zai iya jan shi.

Kakanninku ba haka suka karɓi bishara ba. Da 'yan mishan na UMS suka iso ƙasar nan a shekarun 1920, koyon karatu da sujada tare suka tafi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma manoma ne suka zauna a inuwa suna haɗa baƙi da wasali don su karanta shi da idonsu. Yau yana cikin wayar kusan kowane saurayi, amma nawa ne za su iya faɗin abin da wasiƙar Galatiyawa take magana a kai?

Kada ka ce mini gona ta hana ka. A 1963 wata makarantar tauhidi a ƙasar Gwatamala ta lura cewa masu riƙe da ikilisiyoyin ƙauye magidanta ne da ba za su iya barin gona da iyali su tafi birni ba. Sai makarantar ta bi su gida: mutum ya yi nazari a ɗakinsa, sannan su haɗu da malami a kai a kai, su tattauna. Shi ne tsarin da ake kira TEE, wanda ya bazu har Nijeriya. Ku tambayi shugabannin gundumarku yadda za a buɗe muku aji irin wannan.

Kafin nan, ku fara da abin da ke hannu. Ku Dakarkari kun san golmo: saurayi ba ya nome gonar surukai shi kaɗai, da sa'o'insa yake zuwa, mai ƙarfi ya ja marar ƙarfi har a kai bakin kunya. Haka nazari yake. Ku ɗauki Bisharar Markus, sura 16 ce. Sura guda a mako, daga an gama girbi, kafin ruwan shuka kun kammala. Wanda ya yi boko ya karanta da Hausa, a fassara wa tsofaffi da C'lela, a bar kowa ya yi tambaya, har wadda ake ganin ta wauta ce. Ke 'yata, kada kunya ta rufe miki baki. Ki tuna Afolos da duk iya maganarsa, Bilkisu da mijinta Akila ne suka ja shi gefe suka ƙara masa haske.

Kai kuma Fasto, don Allah kada ka mai da zaman nan wa'azi na biyu. An yaba wa mutanen Biriya domin sun riƙa bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. In aka bincika Bulus, kai ma ka yarda a tambaye ka.

Ran Lahadin nan, bayan an tashi sujada, kada ku watse. Ku tsai da rana da wuri, kowa ya zo da Littafinsa.