Ranar da 'Yan Dubiya Suka Ɗauke Ƙafa

A nan Unguwar Gano akwai wani saurayi da muka saba jin jitarsa bayan sallar isha'i. Bai yi suna ba. Da rana yana tsaron shagon yayansa a kasuwar Tarauni, da daddare ya zauna a soron gidansu yana taɓa tsirkiya a hankali don kada ya tashi maƙwabta. Jefi-jefi akan kira shi sutudiyo a titin Gidan Zoo, idan mai waƙa ya gaji da sautin fiyano yana son na jita.

Da daminar bara babur ɗinsa ya zame a kan hanyarsa ta dawowa daga Gyaɗi-Gyaɗi. Ya dafe ƙasa da hannun hagu, wuyan hannun ya karye. Hagun kuwa ita ce ke danna tsirkiya. Aka naɗe hannun da farin simintin nan na asibiti, aka ce sai bayan mako shida za a kwance, daga nan kuma a shiga gashi.

A makon farko soron bai rabu da mutane ba. Mun je, kowa da ledar lemo da ayaba. "Sannu, ya jiki?" "Da sauƙi." "Allah ya sa kaffara ne." A mako na biyu ƙafa ta ragu. A na uku ta ɗauke ɗif, domin an ji cewa raɗaɗi ya lafa, har ya koma shago yana karɓar kuɗi da hannun dama. A lissafinmu ya warke. Sai wani dare ɗayanmu ya tarar da shi a soro shi kaɗai, jitar na jingine da bango. Ya ce masa, "Wallahi Yaya, ba ciwon ne ke damuna ba. Daren ne ya yi tsawo."

Wannan maganar ce ta bar mu da tambaya. Shin gundura ciwo ce da ta cancanci a zo dubiya, ko kuwa rashin godiya ce da ya kamata mai ita ya ji kunyar faɗa?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakinmu ita ce ta biyu. Mukan ce, ai ka gode wa Allah, je ka Asibitin Ƙashi na Dala ka ga waɗanda aka yanke wa ƙafa. Maganar gaskiya ce, sai dai sau da yawa muna faɗinta ne don mu rufe bakin mai koke mu huta. Mutum yana iya gode wa Allah da dukkan zuciyarsa, dare kuma ya yi masa tsawo. Hannu yana da ƙasusuwa 27, kowanne akwai mai ɗora shi. Hausawa suka ce zuciya ba ta da ƙashi, shi ya sa idan ta goce ba a san inda za a kama a ɗaure ba.

Wani zai ce, to ai kiɗa ne ya rasa, ƙila ma rahama ce aka raba shi da shi. Wannan muhawara mun bar wa malamai. Amma a cire jita, a sa allurar mai ɗinkin hula, ko alƙalamin mai rubutun allo, ko zanen mai ƙunshi, ko sifanar bakanike. Tambayar tana nan daram. Duk wanda hannunsa ya saba da wani aiki da yake ƙauna, ranar da hannun ya tsaya zai haɗu da baƙon da saurayin nan ya haɗu da shi.

Mene ne ainihin baƙon? Ba za mu ce rashin abin kallo ba ne, domin wayarsa na hannun damansa, cike da fina-finai da TikTok da ƙwallon Turai. Ya ce yakan yi awa uku yana shafa ta, ya ajiye ya ji kamar ya ci abinci mara gishiri. A ganinmu dalilin shi ne waya ba ta buƙatarsa. Ko yana nan ko ba ya nan, bidiyo zai biyo bayan bidiyo. Jita kuwa ba ta yin ƙara sai ya taɓa ta, idan ya yi kuskure ta nuna masa, idan ya gyara ta amsa. Abin da ya gagare shi jiya yakan samu yau, saboda haka jiyarsa da yau ɗinsa suna da bambanci. Da hannun ya tsaya, sai kwanaki suka koma kamar tagwaye. Gundura, a irin wannan hali, ita ce zaman da babu abin da ke jiran mutum a cikinsa.

Malamai kan tunatar da mu hadisin da ya ambaci lafiya da sararin lokaci a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a kansu. Mai karaya yana tsaye a wani wuri mai ban mamaki tsakanin biyun: an rage masa ta farko, an tula masa ta biyu. Ga lokacin da kullum yake kukan rashinsa ya samu, ga shi kuma ya zame masa kaya. Wani masani ɗan Faransa na ƙarni na 17, Blaise Pascal, ya yi ra'ayin cewa yawancin wahalar ɗan Adam ta samo asali ne daga kasa zama shiru a ɗaki. Ba sai mun je Faransa ba, duk wanda ya taɓa jinya ya san haka.

Kuma lamarin ba na wasa ba ne, domin gundura tana da ƙofofi biyu da take tura mutum. Ta farko gaggawa ce. Ƙashi ba ya jin lallashi, yana ɗaukar makonninsa. Wanda ya ƙosa ya kwance ɗauri kafin lokaci don ya gwada ko yatsu za su danna, yana iya mayar da jinyar wata biyu ta zama nakasar har abada. Ta biyu ta fi muni. Ƙwayar da aka ba mutum don raɗaɗi tana iya zama abokiyar hira bayan raɗaɗin ya tafi, saboda tana gajarta dare. Mu mutanen Kano mun san wannan hanya. Ba mu manta da shekarar 2018 ba, lokacin da gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mako na uku na jinya babbar tsaga ce.

Tarihin jita yana da labarai biyu da suka dace da nan. A shekarar 1928, gobara ta kama keken-gidan da wani saurayi ɗan shekara 18, Django Reinhardt, yake kwana a ciki a gefen birnin Faris. Yatsu biyu na hannun hagunsa suka shanye. Ya yi fiye da shekara yana jinya, daga baya ya ƙirƙiro hanyar kaɗa jita da sauran yatsun, ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗanta a duniya. Shekaru bayan haka, a birnin Birmingham na Ingila, injin wata masana'anta ya datse wa Tony Iommi kawunan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya sa tsirkiya masu laushi, ya ci gaba da kiɗa.

Akan ba da waɗannan labarai don a ce wa majinyaci ya yi ƙoƙari kamar su. Muna ganin wannan bulala ce kawai, domin ba kowane hannu ke dawowa ba, ba kowa ne kuma Django ba. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne mutanen da ke gefen labarin. An ruwaito cewa ƙanin Django ne ya kawo masa jita yana kwance. Shi kuma Iommi da bakinsa ya faɗa cewa shugabansa na wurin aiki ne ya zo masa da faifan Django bayan ya yanke ƙauna, ya sa shi ya saurara, sannan ya gaya masa da yatsu nawa ake wannan kiɗan. Dukansu biyu wani ne ya zo a lokacin da masu lemo da ayaba suka daina zuwa, kuma ya zo da abin da ya san ran majinyacin na so.

Haka ta faru a soronmu. Wani dattijo maƙwabcinsu, wanda bai taɓa riƙe jita ba, ya soma zuwa da 'yar rediyonsa mai cin kati. Ya sa masa Ɗan Maraya Jos, ya ce, "Yaro, kai da kake da tsirkiya shida, gaya mini yadda mutumin nan yake yin duk wannan da guda ɗaya." Kuntigi dai tsirkiyarsa ɗaya ce tal, kuma da ita marigayin ya yi ta kiɗa har ya rasu a 2015. Saurayin ya kasa amsawa. Ya nemi a maimaita waƙar, aka maimaita. Washegari ya ce ya gano wani abu. Daga nan suka wuce kan Ali Farka Toure na Mali, yana bin sautin da baki, yana buga lokaci da ƙafa. Ya ce mana shekara da shekaru yana kiɗa, amma sai yanzu ya zauna ya yi sauraro, domin da can da ya ji waƙa hannunsa ke riga kunnensa.

Ba za mu ƙawata ƙarshen ba. Da aka kwance hannun, kantar da ke kan yatsunsa ta riga ta goge, tsirkiya tana yankarsa kamar sabon ɗan koyo. Ƙaramin yatsan har yau bai gama lanƙwasa ba. Kuma ko da dattijon yana zuwa, akwai dararen da suka yi tsawo, babu abin da ya yi musu sai haƙuri. Sai dai mun lura haƙurin wanda ya san gobe wani zai zo ya tambaye shi abin da ya gano ya bambanta da haƙurin wanda aka manta da shi.

Saboda haka amsarmu ita ce gundura ta cancanci dubiya, kuma faɗinta ba butulci ba ne. Mun iya dubiyar jini da raɗaɗi, wadda ba mu iya ba ita ce ta makonnin shiru. Ita ba ta buƙatar leda. Tana buƙatar mu san abin da hannun ya kasance yana yi, mu zo da wani ɓangarensa da ido ko kunne ko baki za su iya riƙewa kafin hannun ya dawo: a kai wa mai ɗinkin hula sabon zane ya duba, a tura wa bakanike yaro ya koya masa da baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle wanda ke cikin ɗauri.

A layinku ma akwai wanda aka yi wa sannu makonni uku da suka wuce. Yau bayan isha'i, a leƙa soronsa.