Wa Zai Tambayi Lafiyar Maraya?

'Yan'uwa, Littafin Esta sura 2 ya ba mu labarin Mordekai, wanda ya riƙe Esta marainiya, 'yar baffansa, har ta girma. Sa'ad da aka kai ta fadar sarki, bai ce ya sauke nauyi ba. Kullum yakan je kusa da gidan da take domin ya ji lafiyarta.

Dokar Hakkin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai cika shekara 18 ba, Jihar Jigawa kuma ta yi tata dokar kare yara a 2021. Amma maraici ba ya ƙarewa ranar da shekarun suka cika. Saurayi ko budurwa da suka bar gidan marayu, ko hannun mai riƙo, in zazzaɓi ya kama su da dare, wa zai kai su asibitin Jahun? Mai ciwon sikila, wa zai tuna masa da maganinsa? Wanda kaɗaici ya dame shi kuwa, abokan banza ne za su riga mu zuwa wurinsa da ƙwaya.

Domin wannan, mu masu bi na Aujara da kewaye, bari kowane ɗayansu ya sami gida guda cikin ikkilisiya inda zai ci tuwo ba sai an kira shi ba. Dattawa da zumuntar mata su raka shi asibiti, su adana katinsa, su nema masa wurin koyon sana'a. In bai zo sujada ba, mu je mu yi masa sallama, kada mu jira labari.

Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta Mordekai. Amin.