Allah Ba Ya Barin Masu Dogara Gare Shi: Nasiha ga Al'ummar Funtua da Malumfashi

Ginshiƙin bangaskiyar Kirista, kamar yadda ake koyar da ita a majami'un Funtua, Malumfashi, Kafur da Bakori, shi ne cewa Allah ba ya nisa da masu dogara gare shi, kuma kulawarsa ta kai ga sadaukar da kai, wato ɗaukar wahalar mutane ta wurin mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye. Littafin Yohanna, a sura ta 10, ya kwatanta wannan da makiyayin da yake tsayawa gaban garkensa har ya rasa ransa, saɓanin ɗan ƙwadago wanda yake ranta a na kare da zarar ya hango kyarkeci.

Yawancin Kiristocin karkarar wannan yanki Hausawa ne 'yan ƙasa, zuriyar Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya har bayan jihadin 1804, kuma sun karɓi wannan koyarwa da harshensu, tun da an kammala fassara Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932. Wasu sun shigo ta hannun mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954, wasu kuma ta ɗarikar Katolika, wadda a 2023 ta kafa dayosis ɗin Katsina, wato yankin da bishop guda yake shugabanta, ta kuma ɗora Gerald Mamman Musa a kansa.

Shekarun nan sun gwada wannan bangaskiya gwaji mai tsanani. A watan Mayun 2021 'yan bindiga suka afka wa cocin St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da dattijo Fada Joe Keke. A Mayun 2022 kuma aka ɗauke wasu limaman coci biyu daga Gidan Mai Kambu a ƙasar Kafur. Masifar ba ta tambayi addinin kowa ba, domin ita ce ta kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, ita ce kuma ta auka wa masallata a Unguwar Mantau lokacin sallar asuba a Agustan 2025. Wanda ya binne ɗansa, ko ya sayar da buhunan masararsa a kasuwar Ɗandume don ya haɗa kuɗin fansa, ba a ganin laifinsa in ya tambaya ina Allah yake. Amsar da ikilisiya ta gada ita ce, alkawarin da aka yi wa mai bi na kasancewar Allah ne tare da shi a cikin wahala, ba na kuɓuta daga kowace wahala ba. Saboda haka wajibi ne jama'a su yi hattara da masu kiran kansu annabawa, waɗanda suke karɓar kuɗin talaka da sunan addu'ar da za ta kare shi daga harsashi, domin suna sayar da abin da ba a ba su ba, kuma idan masifa ta zo sukan bar mutum yana zargin kansa da ƙarancin bangaskiya.

Inda nauyin ya fi yawa shi ne a kan waɗanda Allah ya tsare. Duk wanda ya gaskata cewa an sadaukar da rai dominsa ba shi da hujjar rufe rumbunsa alhali matar maƙwabcinsa da aka kashe tana kallon gonar mijinta ta cika da ciyawa a tsakiyar damina. Gayya, wato taron noma da mutanen gari suke yi wa mutum guda don taimako, al'ada ce da kakanni suka bari, kuma ya kamata matasan kowace majami'a su farfaɗo da ita a gonakin gwauraye da marayu, daga huɗa har zuwa girbi, ba tare da duba ko mai gonar yana zuwa coci ko masallaci ba. Zumuntar mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, ta daɗe tana kai kwanon dawa da sabulu gidajen makoki, abin a yaba ne ƙwarai, amma buƙata ta fi tsawon kwanakin zaman makoki. Dattawan ikilisiya su ware wani kaso na baikon godiyar girbi domin iri da taki da kuɗin makarantar marayu tun kafin a fara maganar sabon rufin kwanon majami'a.

Akwai kuma waɗanda suka dawo daga daji bayan 'yan bindiga sun sace su, musamman mata da 'yan mata, waɗanda ake nuna su da baki a bakin rijiya, wasu ma mazajensu suna juya musu baya saboda abin da ya same su ba da sonsu ba. Wannan zalunci ne na biyu, kuma daga hannun 'yan uwa yake fitowa. Fastoci da limamai da masu unguwanni su tsawata a kan haka a bainar jama'a, a kai waɗannan mata asibiti a duba lafiyarsu, a mayar da su ɗakunansu, a kuma koma da 'ya'yansu makaranta.