KA SAYAR DA KWAMFUTA, KO KA SAYAR DA SIRRIN MUTANE?



Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da ta shekara takwas a ɗan ofishinmu na gefen masallaci. Da kuɗina na saye ta bayan na dawo daga karatu, tokumbo ce, irin waɗanda ake saukewa a Legas a hauro da su Kano. Ta yi aiki har ta gaji. Da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, aka ce mini ba za ta iya ɗaukar sabuwar manhajar ba, sai na ga gara in rabu da ita, in yi ciko in sayi laftof.

Mu mutanen Ƙofar Ruwa sayar da tsohon kaya ba ya mana wuya. Kasuwa na nan a bakin ƙofa: rodi, ƙarafa, kayan mota, abin da ya mutu murus ma akwai ɗan gwangwan da zai ɗora shi a sikeli. Don haka wata rana bayan la'asar na zauna na bi fayil-fayil ina gogewa, na zubar da kwandon shararta, na ce shi ke nan, ta yi tas.

Wani matashi da ke sallah tare da mu, wanda ke gyaran kwamfuta a titin Beirut, shi na kira ya yi mata kuɗi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, an yi mata fomatin?" Na ce na goge komai da hannuna. Sai ya yi murmushi, ya nemi izini, ya soka filash ɗinsa. Ba a yi rabin awa ba sai ga sunayen fayilolin suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Na farkon da idona ya faɗa a kai takardar sulhu ce tsakanin wani bawan Allah da matarsa, da sunayensu ɓaro-ɓaro. Na ce, "Ƙanena, tsaya, kar ka buɗe." Wallahi jikina ya yi sanyi.

Me ke cikin kwamfutar nan? Huɗubobina suna ciki, waɗannan kam duk mai so ya ɗauka. Amma akwai lissafin rabon gado na gidaje da dama, har da wanda aka ce ɗan wane ne da wanda aka yi gardama a kansa. Akwai sunayen zawarawa da marayun da ake kai wa zakka da dare don kada maƙwabta su sani. Akwai abin da mace ta faɗa tana kuka a zaman sulhu, wanda ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba. Ko ɗaya a cikin waɗannan ba nawa ba ne.

Yaron ya yi mini bayani, ni kuma na fahimce shi da allo. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san idan ka wanke, ka karkata shi wajen haske, za ka ga inuwar rubutun jiya. To gogewar da muke yi ba ta ma kai wankin allo ba. Kwamfuta tana cire sunan fayil ne kawai daga fihirisinta, ta ce wurin nan babu kowa, alhali rubutun yana nan kwance a rumbun ajiyarta har sai ranar da aka rubuta wani abu a kansa.

Ba mu kaɗai abin ya ci ba. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa bincikensu kan tsofaffin rumbunan ajiya 158 da suka saya a kasuwannin kwance. Guda 12 kacal aka goge yadda ya kamata, kuma sun tono lambobin katin banki sama da 5,000. A 2009 kuma wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi wani rumbu a Gana kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na gwamnatin Amurka a ciki. Idan haka ta faru da su, ina ga liman da kwandon shararsa?

Tambayar da ta hana ni barci ita ce: da na sayar a ranar, sirrin ya fita, ina da laifi?

Malaman fiƙihu sun ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Kafin yaron nan ya soka filash, ina da uzuri, na yi iyakar abin da na sani. Bayan ya soka kuwa uzurin ya faɗi. Kai ma da kake karanta wannan, ka yi haƙuri, naka ya faɗi yanzu. Sai dai ko uzurin farkon ban gamsu da shi sosai ba. Mutumin da ya shekara takwas yana zuba sirrin jama'a a cikin akwati, bai taɓa tambayar yadda ake kulle akwatin ba, anya rashin tambayar ba shi ne sakacin ba? Ni dai na fi karkata ga cewa shi ne. Kuma ko an ɗauke maka zunubi, matar da aka yi yawo da maganarta a majalisa ba a mayar mata da mutuncinta ba.

Mai saye fa? Wani zai ce ai da kuɗina na saya, duk abin da ke ciki halaliyata ne. A'a, ɗan uwa. Ƙarfe ka saya. Ciniki yana hawa ne kan abin da mai kaya ya mallaka kuma ya yi nufin sayarwa, shi kuwa bai mallaki sirrin wasu ba balle ya sayar maka. Ko tsintuwa ka yi a hanya, shari'a cewa ta yi ka yi cigiya, ba ka zazzage jaka a bainar jama'a ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin aibin mutane, kuma sanya manhajar tono a kwamfutar da ka saya, ko wayar da aka kawo maka gyara, shi ne wannan bin diddigin tsantsa. Masu gyara na Farm Centre da Beirut, ku ji tsoron Allah a kan hotunan matan mutane. Da yawanku mutanen kirki ne, na shaida, ɗaya daga cikinku ne ma ya cece ni.

Amma fa kada wani ya ji wannan ya tashi ya share komai cikin gaggawa. An taɓa kawo mini rabon gadon wani ɗan kasuwa da 'ya'yansa suka sa aka yi wa kwamfutar shagonsa fomatin, suka sayar tun kafin sadakar bakwai. Ashe a ciki yake rubuta wanda yake bi da wanda ke bin sa. Masu bin sa bashi sun zo da kansu. Waɗanda yake bi kuwa, ƙalilan ne suka zo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, su kuma suka shafe rubutun da dannawa ɗaya, haƙƙin marayu ya bi ruwa. Ka ga ke nan aikin ba gogewa ba ne kawai, sai ka zauna ka tantance abin da masu shi za su so a ɓatar da abin da za su so a adana, kuma babu na'urar da za ta yi maka wannan.

Kwana uku na yi ina tantancewa. Na kwashe lissafin gado da na basussuka a filash. Takardun sulhun da aka gama, ma'auratan suna zaune lafiya, ban ga dalilin riƙe su ba. Na fita daga Gmail da Facebook da WhatsApp, na cire lambobin sirrin da ta haddace. Sannan yaron ya nuna mini wurin mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Zaɓi biyu take bayarwa, a bar maka fayilolinka ko a cire komai. Ko ka zaɓi cire komai, akwai wani ɗan maɓalli a cikin saitin na tsabtace rumbun gaba ɗaya, wanda sai ka kunna shi da kanka, shi ne ke bin wurin ya rubuta wani abu a kai. Yana cin awanni. Nefa ta ɗauke, sai da muka tayar da janareta, man da ya sha ya ci wani abu daga cikin kuɗin kwamfutar. Wadda ta mutu ba ta kunnuwa kuwa, ya ce a kwance rumbun a fasa shi da guduma kafin a miƙa wa ɗan gwangwan.

Da safe ya sake soka filash ɗinsa. Babu abin da ya dawo. Wani mai shagon buga takardu a Gwammaja ya saye ta.

Filash ɗin yana cikin durowata, a kulle. Daren jiya na tuna cewa ni ma wata rana wasu ne za su buɗe durowar nan ba da izinina ba. Na kira na'ibina bayan sallar asuba, na nuna masa inda mabuɗin yake, na gaya masa fayilolin da zai miƙa wa masu su da waɗanda zai goge ba tare da ya buɗe ba.