CIWON ƘIN ABINCI DA CIWON CI A AMAYAR: JAN HANKALI GA SAMARIN MUSULMI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya ciyar da mu, ya shayar da mu, ya sanya jikinmu amana a hannunmu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samarin Musulmi, muna so mu ja hankalinku zuwa ga wata cuta wadda take cin matasa a ɓoye, iyaye ba su san sunanta ba, abokai kuwa dariya suke yi wa mai ita. Wani ma zai ce, haba Malam, a ƙasar da ake neman na sawa a bakin salati, wane ne zai ga tuwo ya kau da kai? To akwai shi. Kuma in ba a farga da wuri ba, cutar nan kisa take yi.

MENE NE WANNAN CIWO?

Na farko likitoci suna kiransa anoreksiya. Matashi ne zai riƙa ƙuntata wa kansa abinci saboda tsananin tsoron ƙiba. Ya rame har haƙarƙari ya fito, amma in ya dubi madubi sai ya ga kamar har yanzu yana da teɓa. Ba ƙarya yake yi ba, haka ƙwaƙwalwarsa take nuna masa.

Na biyu shi ne bulimiya. Shi wannan sai ya faki idon mutane ya ci abinci mai yawan gaske a zama ɗaya, ya kasa tsayar da hannunsa. Bayan ya gama sai kunya da nadama su rufe shi, ya je ya tilasta wa kansa amai, ko ya sha maganin wankin ciki, ko ya wahalar da kansa da motsa jiki. Sau da yawa jikinsa ba ya nuna rama, don haka sai ya shekara a cikin wannan hali babu wanda ya sani.

Kada ka ce wannan ciwon mata ne. Gaskiya ya fi yawa a cikin 'yan mata, amma yana kama maza. Tun a shekarar 1689 wani likita a Ingila mai suna Richard Morton ya ba da bayanin mutum biyu masu irin wannan rama, ɗayansu yaro ne namiji. A 1873 likita William Gull ya sa wa ciwon farko suna, sa'an nan a 1979 likita Gerald Russell ya bayyana na biyun a matsayin ciwo mai zaman kansa. A wurin samari yakan zo da wata kama, watau son a ga ƙwanji: yaro ya wuni ɗaga ƙarfe, ya haramta wa kansa rabin abincin gidansu, wani har da allurar kumbura jiki, kuma duk da haka bai taɓa gamsuwa da surarsa ba.

DAGA INA YAKE ZUWA?

Ba dalili ɗaya ba ne. Akwai gado, akwai halin mutum na son kome nasa ya cika cif, akwai damuwa da baƙin ciki, akwai gorin abokai. Sa'an nan akwai abin da ido yake kallo dare da rana. A tsibirin Fiji, lokacin da talabijin ya fara isa wani yanki a 1995, masu bincike ba su sami yarinya ko ɗaya a cikin 'yan makarantar da suka tambaya mai jawo amai don ta rame ba. Bayan shekara 3 sai ga kusan 11 cikin 100 suna yi. To ina ga yau, da kowane saurayi yake da waya a aljihu, yana auna kansa da hotunan da aka gyara da na'ura?

Kuma ita yunwa kanta tana juya hankali. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, an rage wa samari 36 masu lafiya abinci na tsawon wata 6, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sai ga su ba su da tunani sai na abinci, ga fushi, ga ƙunci, ga gudun mutane. Da aka sake su, waɗansu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Ka ga ke nan faɗa da zagi ba za su warkar da mai wannan ciwo ba, domin ƙwaƙwalwar da za ta ji nasihar ita ce yunwa ta raunana.

ƁARNAR DA YAKE YI

Mai anoreksiya bugun zuciyarsa yakan ragu, ya riƙa jin sanyi ko da bazara, gashi ya zube, ƙashi ya yi rauni, ƙarfin namiji ya ja baya, mace kuma haila ta ɗauke. Mai bulimiya haƙoransa sukan zaizaye saboda tsamin ciki, gefen muƙamuƙinsa ya kumbura, maƙogwaro ya yi rauni. Mafi haɗari, yawan amai yana zubar da sinadarin fotasiyam wanda zuciya take bukata, sai ta rikice ta tsaya farat ɗaya. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma wani kaso na masu mutuwa da ita su ne suke kashe kansu. Allah ya kiyashe mu.

ME ADDINI YA CE?

Ya ɗan'uwa, jikinka ba mallakarka ba ne, ajiya ce, kuma za a tambaye ka. A cikin Suratul A'araf aya ta 31 Allah ya umurce mu da ci da sha, ya kuma hana mu wuce iyaka. Mai ƙin ci ya bar umurni, mai cika ciki ya faɗa cikin hani, Musulunci kuwa yana tsakiya.

Dubi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah ya ƙara masa yarda. Saurayi ne mai ƙarfi, yana azumi kullum, yana raya dare duka. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.) sai ya hana shi, ya sanar da shi cewa jikinsa yana da hakki a kansa, haka idonsa, haka iyalinsa. Da Abdullahi ya tsufa sai ya riƙa burin ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa. Buhari da Muslim sun ruwaito wannan. Haka kuma Annabi ya hana sahabbai sadar da azumi, watau a haɗa kwana biyu ba buɗa baki, ya kwaɗaitar da yin sahur da gaggauta shan ruwa. To in an hana mutum azabtar da jikinsa don ibada, ina ga wanda yake azabtar da shi don madubi?

Wani mai wannan ciwo yakan fake da azumin nafila don kada a tambaye shi. Ka binciki niyyarka, ɗan'uwa. Wanda likita ya tabbatar masa cewa azumi zai ƙara masa ciwo, ai Allah ya ba mara lafiya izinin ya sha ya rama a waɗansu kwanaki, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 185. Karɓar rangwame ba raunin imani ba ne.

Ku kuma masu ba'a, ku ji tsoron Allah. Wannan ku ce masa buhu, wancan ku ce masa tsinke. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Wata rana Abdullahi ɗan Mas'udu ya hau itace, iska ta bayyana sirantar ƙwaurinsa, mutane suka yi dariya. Sai Annabi ya sanar da su cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Wannan shi ne sikelin da ya kamata ya dame mu.

ABIN YI

In ka ga ɗan'uwanka ko ƙanwarka suna gudun cin abinci cikin mutane, kullum sun ƙoshi, ko suna tashi zuwa bayan gida da zarar an gama ci, ko rama ta yi yawa alhali suna kukan ƙiba, to ka keɓe da su ka yi magana da taushi. Kada ka tona musu asiri, kada ka ce iskanci ne, kada a kwashe su zuwa wurin boka da sunan aljanu ko sammu. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti, domin Annabi ya yi umurni da neman magani. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne.

Kuma a kiyaye: wanda ya daɗe cikin yunwa ba a ɗura masa abinci da yawa lokaci ɗaya, yin haka yana iya taɓa zuciyarsa. A hankali ake mayar da shi, a ƙarƙashin kulawar likita. Iyaye da 'yan'uwa su zauna su ci tare da shi, su yi haƙuri, domin warkewa takan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Amma ana warkewa, musamman in an tari abin da wuri.

Kai kuma da wannan jarrabawa ta same ka, kada ka yanke ƙauna, kada kuma ka ci gaba da ɓoyewa. Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi yau ɗin nan, mahaifi, ko wa, ko malaminka. Rashin lafiya ba zunubi ba ne, kuma wahalar da mumini yake sha kankarar zunubi ce gare shi.

Ya Allah ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka shirya matasanmu, ka sa mu gode wa ni'imarka, ka kyautata halayenmu kamar yadda ka kyautata halittarmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.