WAYAR DA KE HANNUNKA: A KAN SHAYE-SHAYEN MATASA



A Farawa sura 4, sa'ad da Allah ya tambayi Kayinu inda ɗan'uwansa yake, sai ya yi ƙoƙarin zame wuyansa. Wannan tambaya tana kanmu yau, gama 'ya'yanmu suna lalacewa a gaban idonmu. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Saurayin da ke ƙwadago a gonakin Bakolori yakan haɗiye tiramol don kada ya ji gajiya. Kafin a ankara sai ya kasa ɗaga fartanya in bai sha ba, kuɗin guminsa kuwa ya ƙare a hannun dillali. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Yaya za mu zuba ido ana rushe haikalin?

Iyaye da yawa suna ɗora laifin a kan wayar salula, kuma gaskiya ne akan koyi mugun hali ta cikinta. Amma ku tuna da 2018. BBC ta fitar da fim a kan yadda kodin ke hallaka matasa, musamman a Kano, jama'a suka yi ta tura shi a Facebook da WhatsApp, nan da nan Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Wuƙar da ɓarawo ke riƙewa, da irinta uwa ke yanka kuɓewa.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Matasa, cikin zaurukanku na WhatsApp ku riƙa tura faɗakarwar hukumar NDLEA, ku bi da gajeren saƙon murya da Hausa domin abokin da bai iya karatu ba, Kirista ne ko Musulmi. Na biyu, kada kowa ya ɗauki hoton wanda ya bugu yana yaɗawa ana dariya. Wanda aka kunyata a bainar jama'a yakan ɓuya, ba ya neman magani. Ku kira shi a keɓe, ku raka shi asibiti. Na uku, iyaye da Zumuntar Mata da katekis, ku zauna da yaran nan su nuna muku abin da suke kallo.

Waliyi Carlo Acutis, yaron Italiya da ya rasu a 2006 yana da shekara 15, da intanet ya yi shelar Yukaris Mai Tsarki, Paparoma Leo na 14 kuma ya sa shi cikin waliyai a 2025. Bari ya yi roƙo domin 'ya'yanmu, tare da Uwargida Maryamu. Amin.