Ƙotar Wuƙa da Haƙƙin Bishiya

Ƙotar wuƙa ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, amma ta isa ta tayar da tambaya mai nauyi: shin kyawun abu ya isa hujjar kashe bishiyar da ta girmi mai saranta? A kasuwannin Gusau, Tsafe da Bunguɗu, mai saye kan juya wuƙa yana duban zanen da ke jikin ƙotarta. Da wuya ya tambayi dajin da itacen ya fito.

Masassaƙanmu na dauri sun san kowane itace da aikinsa. Marke na ƙotar fartanya da gatari ne saboda taurinsa, ƙirya ta turmi ce da gawayin maƙera, aduwa kuwa ana sassaƙa allo da ita. Mai neman ƙota reshe yake dubawa, ya sare shi, ya bar uwar tana tsaye, baɗi ta sake tofo. Buƙata tana da iyaka, domin hannu ɗaya ƙota ɗaya yake riƙewa.

Matsalar tana farawa ne idan sha'awa ta karɓi wurin buƙata. Launi mai ɗaukar ido da zane mai lanƙwasa galibi a zuciyar kututture suke, ba a kai gare su sai an kayar da bishiyar. A Amurka akwai bishiyar da ake kira mapul, wadda ƙalilan daga cikinta ke da zane kamar igiyar ruwa, ana yin ƙotar wuƙa da kayan kiɗa masu tsada da ita. Masu satarta kan ɓare ɓawon bishiyoyi da dama kafin su dace da guda. A shekarar 2018 wasu daga cikinsu sun haddasa gobarar da ta cinye eka fiye da 3,000 a wani daji na jihar Washington. Mu ma mun ga irin wannan a kan madobiya, wadda makiyaya ke ciyar da shanu da ganyenta a lokacin rani. Kasuwar Sin ta so jan katakonta, aka yi ta kwasarta daga Afirka ta Yamma, har yarjejeniyar CITES ta tsaurara ƙa'idar cinikinta a 2017, sannan aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018.

Wani zai ce, wa ya isa ya yi wa mayunwaci wa'azin bishiya? Wannan magana tana da ƙarfi, musamman a Zamfara, inda rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu, wasu suka koma sayar da itace da gawayi don su ciyar da iyali. Ban ga adalci a ɗora wa irin wannan magidanci laifin duka ba. Shi abinci yake nema. Mafi nauyin alhakin yana wuyan wanda ya ƙoshi, ya sa kuɗi domin ado, da dillalin da ya sayi kututture a wulaƙance ya sayar da tsada.

Duk da haka, uzurin talauci bai shafe haƙƙin wasu ba. Bishiyar da ta kai shekara 80 ba mai gatari ne ya shuka ta ba, gadonta ya yi, kuma akwai magada a bayansa. Makiyayi na da rabo a ganyenta, matafiyi a inuwarta, gona kuma a saiwarta da ke riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe. Wanda ya kayar da ita don 'yan ƙotoci ya sayar da rabon mutanen da ba a shawarta ba, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Saboda haka, a nawa ra'ayin, sara yana zama daidai ne idan ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, kada a kayar da kututture kan abin da reshe ko busasshen itace zai biya. Na biyu, idan an kayar, a yi amfani da komai nata, kada a ɗauki zuciya a bar saura ya ruɓe. Na uku, a biya bashin. Hanyar biyansa kuwa maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna ta tun daga shekarun 1980: maimakon ƙone kututtura lokacin sassabe, sai suka riƙa zaɓen tofo mai ƙarfi suna renonsa. Da wannan sassaben zamani miliyoyin bishiyoyi suka dawo gonakin kudancin Nijar, ba tare da an dasa su ba.

Son abu mai kyau ba aibi ba ne, kuma sassaƙa sana'a ce mai daraja. Abin da nake nema ga masassaƙi, maƙeri da mai saye shi ne su ƙara tambaya ɗaya a kan ta farashi: me aka bari a wurin da aka saro wannan? Idan amsar ita ce bishiya mai rai ko tofon da ake reno, ƙotar ta cancanci yabo. Idan kuwa fako aka bari, jikokinmu ne za su biya ragowar kuɗinta.